Kujera ta Tara, Layi na Huɗu

Ni ne Eleuterio.
Shekara talatin ina ɗaga kwantena a tashar jiragen Valparaíso,
yanzu gira kawai nake ɗagawa
idan yaro ya ce mini fim ɗin bana ya fi na da.

Matakala goma sha bakwai ake sauka zuwa sinimarmu,
bango na gumi, kafet na warin teku.
Fresia na yaga tikiti da hannu ɗaya,
ɗayan riƙe da shayin da tuni ya huce.
Daren Alhamis, sha biyu daidai, fitila ta mutu.

Ga ra'ayina, ban ce ku saya ba:
dodon roba ya fi dodon kwamfuta.
Na roba da mutum a cikinsa,
yana zufa, yana tsaki, yana lissafin kuɗin yini.
Zura ido, za ka ga zif a gadon bayansa.
Zif ɗin nan nake biya in gani.
Na kwamfuta sumul yake kamar ƙwai,
ya taka ƙasa, ƙasa ba ta sani ba.

Jini? Miyar tumatir.
Tsoro shi ne ƙofar da aka rufe ɗazu,
yanzu ga ta a buɗe, faɗin tafin hannu,
mai kiɗa kuma ya ɗauke.
Tsoro shi ne uwa ta kira ɗanta cin abinci
da muryar da ta yi daidai fiye da kima.

Nibaldo mai gyaran agogo ya ce ban san komai ba.
Shi na sararin samaniya yake so,
kumbon kwali rataye da zare,
mata sanye da azurfa suna danna maɓallan da ba su haɗe da komai.
Na ce masa, sun yi mana alkawarin mota mai fiffike,
har yau akwatin katako ke jan mu zuwa kan tudu
yana kuka kamar tsohuwar akuya.
Ya ce ai daɗin kenan,
goben da ba ta zo ba ba ta tsufa.
Na yi shiru. Ban ce ya yi gaskiya ba.

Akwai wani fim da duniya ta tofar,
mu takwas muka lashe.
Likitan haƙori ne, haƙoran da ya cire suna masa raɗa cikin kwalba.
A minti na arba'in makirufo na leƙowa daga sama,
mu duka mu miƙe mu gaishe shi.
Sau ashirin da shida na gani.
Ba kyau gare shi ba, na sani,
amma wanda ya yi shi ya sayar da motarsa,
kuma ana jin hakan a kowane hoto.

Wani dare ƙasa ta girgiza muna tsakiyar kallo.
Kujeru suka yi rawa, ƙura ta zubo cikin hasken na'ura,
babu wanda ya motsa.
Nibaldo ya raɗa mini, kai, wannan darakta ya iya aiki.
Sai da Fresia ta buɗe ƙofa tana zagin kakanninmu
muka fita titi, rabinmu na tambaya
ko za a ci gaba daga inda aka tsaya.

Kujera ta goma ta Orfelina ce.
Da tafin hannu take rufe ido, ta bar tsaga tsakanin yatsu,
ta ce faɗa mini in ya wuce.
Nakan yi mata ƙarya don ta ƙanƙame ni.
Hunturu shida kenan hulata ke zama a wurin.

Ƙarfe biyu nake hawa tudu,
karnukan unguwa na rakiya, fitilun jirage na lilo a ruwa.
In na shiga gida ba na sa sakata.
Nakan bar ƙofar faɗin tafin hannu,
in kashe rediyo,
in zauna.